Wa Ke da Yaron, Wa Ke da Gandun? Mas'alar Riƙon Magaji a Shari'ar Ingila ta 1288

A Ingila ta ƙarni na 13, idan barde ya mutu ya bar ɗa ƙarami, riƙon yaron ba ya komawa hannun uwarsa ko baffansa. Ubangidan da mamacin ya yi wa caffa ya karɓi ƙasa a hannunsa, shi ke ɗaukar yaron, ya shiga gandun, ya ci amfaninsa har ranar da magajin ya cika shekara 21. Shi ne kuma ke da ikon sayar da auren yaron ga wanda ya fi tayawa. Shari'a ta lissafa wannan riƙo cikin dukiya, daidai da doki ko garke: ana sayarwa, ana kyauta da shi, ana barinsa wasiyya. Tunda dukiya ce, akwai masu ƙwace da masu sata, kuma kotun sarki ta tanadi takardun ƙara dabam-dabam don mariƙi ya bi haƙƙinsa. Wahalar ita ce kowace takarda da cutar da take magani, kuma wanda ya ɗauko wadda ba ita ba sai ya koma ya sake daga farko, alhali yaron na girma, riƙon na ƙarewa.

Hanyar da ta fi sauƙin gane tsarin ita ce a ɗauki mas'ala guda a bi ta daki-daki, kamar yadda ake yi a zauren fiƙihu. Mutanen mas'alar da adadin kuɗin na misali ne. Dokokin da shekarunsu na gaskiya ne.

A ɗauka wani barde ya rasu a farkon 1288, zamanin Sarki Edward na Ɗaya. Ya bar mata da ɗa guda mai shekara 9. Ƙasarsa kashi uku ce. Akwai babban gandu mai kawo fam 20 a shekara, wanda kakanninsa suka karɓa daga wani gida bisa hidimar yaƙi. Mai wannan gida shi ne ubangida na fari. Akwai ƙaramin gandu mai fam 12, wanda mahaifin mamacin ya karɓa daga baya a hannun wani ubangida dabam, shi ma bisa hidimar yaƙi. Sai 'yar gona mai fam 3 wadda ba a fita yaƙi dominta, kuɗi ƙayyadadde kawai ake biya duk shekara. Irin wannan riƙon ƙasa suke kira sokej. Lissafin kuɗin ba zai zama baƙo ba ga wanda ya riski zamanin da naira ba ta zo ba, kafin 1973: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda.

Rabon riƙo kafin rigima

Tambayar farko da duk mai hankali zai yi: ko mamacin na riƙe da wata ƙasa kai tsaye daga sarki bisa hidimar yaƙi, ko da taki ɗaya ce? In haka ne, zance ya ƙare. Sarki zai kwashe riƙon yaron da na gandayen duka, har waɗanda ke ƙarƙashin wasu iyayen gida, jami'insa ya zo ya tara mutanen yankin su rantse a kan abin da mamacin ya bari da shekarun magaji. A mas'alarmu babu ƙasar sarki, don haka iyayen gidan biyu na da abin cewa.

Kowane ubangida yana riƙon gandun da ya fito daga hannunsa. Amma yaro ɗaya ne, ba ya rabuwa. Dokar Westminster ta Biyu ta 1285, babi na 16, ta yanke cewa jikin magaji da aurensa na wanda aka fara karɓar ƙasa a gidansa ne, ba a duba girman ƙasar. Da a ce ƙaramin gandun ne ya fi daɗewa a hannun zuriyar, da mai shi ne zai ɗauki yaron. A nan babban gandun ne tsoho, sai yaron ya faɗa hannun ubangida na fari.

Matar mamaci tana da sulusin ƙasar mijinta muddin ranta, kuma mariƙin ne zai yanka mata. In ya ƙi, shi za ta kai ƙara. Magna Carta, yarjejeniyar da Sarki John ya yi da manyan ƙasarsa a 1215, ta ba ta kwana 40 a gidan mijin kafin a fitar mata da rabonta. Saboda haka abin da ke shiga aljihun ubangida na fari shi ne fam 13 da sule 6 da kwabo 8 a shekara. Cikin shekara 12, daga 1288 zuwa 1300, fam 160 ke nan, ban da kuɗin auren. Ubangida na biyu yana da fam 8 a shekara, fam 96 jimla. Ba wanda zai tambaye su lissafin kwabo ɗaya daga ciki. Abin da ke wuyansu shi ne ci da suturar yaron daidai darajarsa da kiyaye gandun daga ɓarna.

'Yar gonar sokej tana da nata hukunci, kuma shi ne ya fi kusa da abin da mai karatu ya sani na amanar dukiyar maraya. Riƙonta na dangi ne mafi kusa wanda gadon ba zai taɓa gangarowa kansa ba, don ba a bai wa kura ajiyar nama. Tunda gonar ta ɓangaren uba ce, baffa ya fita, uwa ce ke riƙe ta. Dokar Marlborough ta 1267, babi na 17, ta ce irin wannan mariƙi ba ya ci don kansa: zai cire abin da ya kashe bisa ƙa'ida, ya ba da lissafin saura idan yaron ya kai, wato a shekara 14. Sai dai riƙon gonar bai ba uwar riƙon ɗanta ba. Tun 1100 Sarki Henry na Ɗaya ya yi alkawari a takardar naɗinsa cewa matar mamaci ko dangi ne za su riƙa riƙon ƙasa da 'ya'ya, amma alkawarin bai wuce takarda ba.

Abin da ya faru

Ubangida na fari bai yi sanya ba. Cikin mako guda wakilinsa ya shiga babban gandu, ya karɓi rantsuwar manoman da ke zaune a kai, ya karɓi kuɗin hayar zangon farko, aka kuma kawo yaron gidan ubangida. Bayan wata uku abubuwa uku suka auku. Kawun yaron, wan uwarsa, ya zo da mutane ranar da maigidan ba ya nan, ya ɗauke yaron ya tsallaka da shi wani lardi. Baffan yaron ya kori wakilin daga babban gandu ya kwashe hatsin rumbu, yana cewa an haifi yaron kafin a ɗaura auren iyayensa, don haka shi ne magajin ɗan'uwansa. Ubangida na biyu kuwa bai ma samu shiga ƙaramin gandu ba: ya tarar da wani aminin mamacin a ciki, da takarda mai hatimi da ke nuna an ba shi ƙasar tun mai ita na da rai.

Ƙaramin gandu: wanda bai taɓa shiga ba

Ubangida na biyu bai taɓa riƙe komai ba, saboda haka ba zai ce an kore shi ba. Abin da yake da shi haƙƙi ne tsagwaro, kuma takardarsa ita ce ta neman haƙƙin riƙo, wadda a Latin ake kira de recto de custodia. Ana sayenta a ofishin hatimin sarki, a kai wa sherif, wato wakilin sarki na lardin da ƙasar take. Abin da ta ƙunsa gajere ne: a umarci wane ya mayar wa wane riƙon ƙasar magajin wane, domin mamacin ya riƙe ta a hannunsa bisa hidimar yaƙi, in ya ƙi, ya bayyana gaban alƙalan sarki a Westminster rana kaza. Tana zuwa iri uku, ta ƙasa da yaro tare, ta ƙasa kaɗai, ta yaro kaɗai. Ubangida na biyu ya kamata ya tsaya a ta ƙasa kaɗai. In kwaɗayi ya ja shi ya haɗa da yaron, zai sha kaye a wannan ɓangaren da zarar an fito da tsohuwar takardar babban gandu.

A gaban alƙalai, lauyansa zai zayyana da Faransanci, harshen kotun lokacin, cewa mamacin ya riƙe ƙasar a hannun mai ƙara da caffa da rantsuwar biyayya da kuɗin garkuwa, wato kuɗin da ake biya a madadin fita yaƙi, kaza daga cikin sule 40 na cikakken rabon barde. Cewa mai ƙara ya karɓi waɗannan hidimomi daga hannun mamacin. Cewa kuma mamacin ya mutu yana cikin caffarsa. Kowace gaɓa ƙofa ce ga wanda ake ƙara. Zai iya cewa ƙasar sokej ce, ba a taɓa biyan kuɗin garkuwa a kanta ba. Zai iya cewa magajin ya riga ya balaga. Zai iya cewa, kamar yadda aminin nan zai ce, mamacin bai mutu da ƙasar a hannunsa ba.

Nan ne takardar aminin ke buƙatar karatu da natsuwa. Ta ce an ba shi ƙaramin gandu, an riga an karɓi kuɗin hidimar shekara 12 gaba ɗaya, bayan shekara 12 kuma zai riƙa biyan fam 100 duk shekara. Ƙasar da ke kawo fam 12! Ba mahaukacin da zai ci gaba da zama a kan wannan sharaɗi, saboda haka a 1300 cif, ranar da yaron ya cika 21, aminin zai saki ƙasar ta koma wa magaji, ubangida ya tashi a tutar babu. Dabara ce sananniya, har Dokar Marlborough ta keɓe mata babi na 6, tare da 'yar'uwarta, wato uba ya mallaka wa ɗansa ƙarami ƙasar tun yana da rai. Dokar ta ce irin wannan ba ya hana ubangida riƙonsa, amma ta hana shi ya kori mutumin da ƙarfi. Dole ya bi ta kotu, a kira shaidun da sunansu ke cikin takardar tare da wasu 'yantattun mutanen yankin, su gwada darajar ƙasar da kuɗin da aka rubuta, su faɗi ko da gaskiya aka yi cinikin ko da zamba. Dokar ta yi kaifi biyu: in ya tabbata cinikin gaskiya ne kuma ubangida da mugunta ya shigar da ƙara, shi zai biya diyya da kuɗin ɗawainiyar shari'a, abin da ba a saba bai wa wanda ake ƙara ba a wancan zamani.

Babbar illar takardar neman haƙƙin riƙo jinkiri. Kotu na zama zango huɗu ne a shekara. Wanda ake ƙara yana da damar aiko da uzuri a kira na farko, a ɗaga. In bai zo ba a nemi masu tsaya masa, in bai zo ba a fara kama dukiyarsa. Yana kuma iya kiran wanda ya ba shi riƙon ya zo ya tsaya masa, shi ma a bi shi da sammaci daga farko. Kowace ɗagawa ta zango guda tana cin fam 2 daga fam 96 na ubangida na biyu, kuma in yaron ya cika shekara ana cikin shari'a, babu sauran riƙon da za a mayar, sai diyya in an samu. Babi na 7 na Marlborough ya rage wannan wasa: bayan babban kamun dukiya, a yi shela a bainar jama'a a zaman kotun lardi sau biyu ko uku cikin wata shida, in har mutumin bai bayyana ba, a cire riƙon daga hannunsa, in yana da hujja ya biyo baya da tasa ƙarar.

Babban gandu: wanda aka kora

Matsayin ubangida na fari a kan gandu ya fi ƙarfi, kuma dalili ɗaya ne: ya shiga da wuri, an gan shi, ya karɓi haya. Wanda ya riƙe aka fitar da shi ba ya buƙatar ya warware tarihin caffa tun daga kakanni. Takardarsa ita ce ta korar mariƙi, de ejectione custodiae, wadda ke tuhumar baffan da laifin ƙeta: me ya sa ka fitar da wane daga riƙon da ke hannunsa, ka kwashe masa kaya na kuɗi kaza? Mutum 12 na yankin za su rantse a kan abin da ido ya gani, wa ke ciki, wa ya zo, me aka ɗauka. In ya yi nasara za a mayar masa da abin da ya rage na riƙon, da diyyar hatsin da na watannin da ya rasa. Wanda ya sayi riƙo a hannun ubangida shi ma yana iya amfani da ita, kuma dokar 1285 ta shimfiɗa mata tsarin shelar nan don maganin masu ɓuya.

Kuskuren da mai gaggawa kan yi shi ne ya ruga ga ƙarar sabon ƙwace, wadda aka kafa tun zamanin Henry na Biyu, don ita ce mafi sauri: alƙalai na zuwa lardi, ba a karɓar uzurin wanda ake ƙara. Amma wannan ƙara ta mai asalin mallakar ƙasa ce, mariƙi kuwa ba shi da asali. Yana zaune ne da sunan yaron. In ya shigar da ita da sunansa za a yi watsi da ita. Mai ita shi ne yaron, domin shigar da ubangida ya yi ta sa ana lissafa yaron a matsayin wanda ke kan ƙasar, don haka yaron ne baffan da ke da'awar gado ya ƙwace wa. To ga yaron can a wani lardi a hannun kawu. Babi na 15 na dokar 1285 ya buɗe ƙofa: idan an gusar da ƙaramin yaro har ba zai iya zuwa da kansa ba, makusancinsa zai iya shigar da ƙara a madadinsa. Ubangida mai wayo zai so ƙararrakin biyu su tafi tare, domin da'awar baffan ta fi hatsin rumbu hatsari. A 1236, a taron Merton, manyan limaman coci sun nemi a halatta ɗan da aka haifa kafin aure idan iyayen suka yi aure daga baya, manyan ƙasa suka ƙi. Don haka in maganar baffa ta tabbata, baffan ne magaji, shi kuwa baligi ne, riƙo ya rushe ga iyayen gidan duka biyu, abin da zai rage musu kuɗin karɓar gado ne kawai, sule 100 a cikakken rabon barde.

Yaron

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi kuɗi ya kuma fi gaggawa, domin gandu ba ya gudu, aure kuwa in an ɗaura kotun sarki ba ta iya kwance shi. Ingancin aure hurumin kotun coci ne. Da rasuwar ta zo kafin 1236, da ubangida ya dogara ne da takardar neman haƙƙi mai jan ƙafa ko ƙarar ƙeta ta gama-gari. Dokar Merton, babi na 6, ta fara sa hukunci: wanda ya ɗauke magajin da bai kai 14 ba ya aurar da shi, dangi ne ko bare, zai biya cikakkiyar ƙimar auren, a tsare shi har ya biya ya kuma gamsar da sarki. Babi na 35 na dokar 1285 ya ƙara wuta ya kuma kawo takarda ta musamman, ta sace ɗan riƙo. Wanda ba shi da haƙƙi a auren, ko ya dawo da yaron ba a aurar ba, ko ya biya kuɗin, sai ya yi shekara 2 a kurkuku. In bai dawo da shi ba, ko ya aurar da shi kuma ya kasa biya, to ɗaurin rai da rai ko rantsuwar barin ƙasa. Wannan hukunci na ƙarshe ba almara ba ne a lokacin: Thomas Weyland, babban alƙalin ita wannan kotu ta Westminster a 1288, da kansa ya yi rantsuwar barin Ingila a 1290 bisa wani laifi dabam.

Amfanin takardar yana cikin jimlarta ta biyu. Bayan ta ce a sa kawun ya kawo masu tsaya masa ya zo ya faɗi dalilin da ya ɗauke yaron ba da son ubangida ba, ya keta zaman lafiyar sarki, sai ta umarci sherif ya bincika inda yaron yake, ya karɓe shi duk inda ya same shi, ya ajiye shi lafiya har ranar shari'a don a miƙa shi ga wanda ya cancanta. Ma'ana an cire yaron daga kasuwar aure tun kafin a fara muhawara. Abin lura: ana shigar da ƙarar a lardin da aka yi satar, amma ikon sherif ba ya tsallake iyakar lardinsa. Tunda kawun ya ƙetare, dole a nemi takarda ta biyu zuwa ga sherif na can, kuma dokar ta tanadi siffarta. Wanda ya manta wannan zai jira wata uku don a dawo masa da amsar cewa ba a ga yaron ba.

Dokar ta kuma toshe ramin mutuwa, wanda a da yake kashe ƙararraki. In yaron ya mutu ana cikin shari'a, za a ci gaba har a san wa ke da haƙƙi, mai laifi ya biya. In mai ƙara ya mutu, magajinsa ya ci gaba idan riƙon na ubangidantaka ne, ko wasiyyansa idan saye ko kyauta ya samu. In kawun ya mutu, a bi wasiyyansa, in dukiyar ba ta kai ba a bi magadansa.

Babu inda aka tambayi abin da ya fi alheri ga yaro mai shekara 9. Cewa yana kuka yana neman uwarsa, ko gidan kawu ya fi masa daɗi, ba kariya ba ce. Uwa da kanta ana iya ƙararta da satar ɗan da ta haifa, kuma an sha yi. Kariyar da ke aiki irin ta dukiya ce: ƙasar sokej ce, wani ubangida ne ya riga, ko an sayar mana da auren ga takarda. Shi ya sa ƙarar kan zama sandar ciniki. Da zarar sherif ya ƙwanƙwasa ƙofa, dangin uwa sukan zauna da ubangida su sayi riƙon jikin yaron da aurensa, shi ya ci gaba da cin gandu.

A ɗauka ba a daidaita ba, yaron ya koma gidan ubangida. A 1293 ya cika 14, shekarun da coci ke karɓar yardar namiji ga aure. Na mace 12 ne. Wani maƙwabci ya taya auren fam 40 don 'yarsa. In yaron ya ce ba ya so, ba a tilasta shi, amma babi na 7 na Merton ya ce sai ya biya ƙimar auren kafin ya karɓi ƙasarsa. In kuwa ubangida ya gabatar masa da mace tsararsa ya ƙi, ya je ya auri wata ba izini, ƙima ta ninka: fam 80, ubangida ya ci gaba da riƙe gandun har ya fanshe. Da fam 13 da sule 6 da kwabo 8 a shekara, muddin uwar na da rai tana cin sulusinta, shekara 6 ke nan, sai 1306 yaron zai shiga gonar ubansa yana da 27. Ninkin ya rataya ne a kan gabatarwar, don haka ubangida mai lura yakan yi ta gaban shaidu, da sunan yarinyar da rana. Wannan hukunci ya daɗe ƙwarai: Henry Wriothesley, wanda ya gaji sarautar Southampton a 1581 yana yaro, ya ƙi auren jikar mariƙinsa Lord Burghley, kuma wata wasiƙa ta 1594 ta ruwaito cewa fam 5,000 aka ɗora masa.

Inda mariƙi ke yanka kansa

Ubangida na iya cin duk ƙararrakin nan ya kuma rasa riƙon da hannunsa. Hanya ta farko ɓarna. Magna Carta ta ce ya ɗauki amfani daidai misali ba tare da halaka mutane ko kaya ba, ya kula da gidaje da tafkunan kifi da wuraren niƙa, ya mayar da ƙasar da garmunanta. Sare manyan itatuwan katako a sayar, barin rufin rumbu ya rufta, tatsar manoma har su gudu, duk ɓarna ce. Hukuncinta rasa riƙon, kuma Dokar Gloucester ta 1278 ta ƙara cewa in abin da ya rage na riƙon bai kai ɓarnar ba, ya cika da diyya. Wannan ƙari ya zo ne saboda masu jira sai shekarar ƙarshe su share daji, lokacin da rasa riƙo ba ya yi musu ciwo. Hanya ta biyu ƙasƙantar da magaji a aure: in ya aurar da yaron da bai kai 14 ba ga wadda ba tsararsa ba a daraja, kamar 'yar manomin da ba shi da 'yanci, dangi suka kai kuka, riƙon ya fita hannunsa, amfanin ya koma wa yaron. Ta uku, ya mallaka wa wani ƙasar kamar tasa. Dokar Westminster ta Ɗaya ta 1275 ta ba yaron ƙarar sabon ƙwace nan take.

Ranar miƙawa ma tana da tata rigima, domin babu rajistar haihuwa. Sai 1538 aka umarci majami'u su fara rubutawa. Shekaru a bakin maƙwabta suke: wannan ya tuna don a makon ne ya karya ƙafa, wancan don ya riƙe kyandir ranar da aka yi wa jaririn baftisma. In ubangida ya yi gardama ya ƙi fita a 1300, babi na 16 na Marlborough ya ba magajin ƙarar gadon uba, da diyyar duk lokacin da aka riƙe masa bayan cikarsa. Tunda ya zauna a riƙo, ba a karɓar kuɗin gado a hannunsa.

Iyalai ba su daina neman hanyar zillewa ba, musamman ta damƙa ƙasa ga amintattu su riƙe don amfanin magaji, har Henry na Takwas ya yi dokar 1536 a kan haka ya kuma kafa kotu ta musamman don 'ya'yan riƙon sarki a 1540. Dokar 1660 ta soke riƙon ƙasa bisa hidimar yaƙi ɗungurungum, ta ba uba ikon naɗa wa 'ya'yansa mariƙi ta wasiyya har su kai 21, ta kuma bar wa wannan sabon mariƙi tsohuwar ƙarar sace ɗan riƙo. Lokacin da Najeriya ta karɓi dokokin Ingila kamar yadda suke a 1 ga Janairu 1900, riƙon ubangida ya shekara 240 da mutuwa. Abin da ya iso kotunanmu daga wannan mas'ala shi ne ƙa'idar babi na 15, cewa ƙaramin yaro yana shigar da ƙara ta hannun babba da ke tsaya masa.